Allon i-foyil ɗina yana gudu amma ya ƙi tashi sama da ruwa: in sayi babban inji?

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: "Assalamu alaikum Injiniya. Na haɗa allon hawa ruwa mai lantarki da hannuna, irin mai fiffike a ƙarƙashi wanda yake ɗaga mutum sama da ruwa, wato i-foyil. Injin samfurin 65161 ne mai KV 120, wato zagaye 120 a minti a kowane bolt, kwantirolar da ke sarrafa wutar injin irin VESC ce, batirin kuma na haɗa shi da ƙwayoyin batirin laftof na gwanjo, tsarin 12S6P, wato layi 6, kowane layi ƙwaya 12 a jere. Fiffiken gaba murabba'in santimita 1000 ne, farfelar kuwa da na'urar 3D aka buga min. Nauyina kilo 88, allon da kayansa kilo 34. A dam ɗin Tiga nake gwaji. Idan na matse rimot har ƙarshe sai hancin allon ya ɗaga, bayan ya nutse, yana ta turin ruwa. Wayata ta nuna kilomita 13 a awa, bayan kamar minti ɗaya kuma ƙarfin ya ragu. Bai taɓa tashi ba. Abokina ya ce in sayi inji mai girma. In saya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da aiki, Allah ya sa albarka. Wanda ya kai allo bakin ruwa, ya hau, injin ya tura shi kilomita 13 a awa kuma ruwa bai shiga akwatin batir ba, ya gama kaso mafi wuya. Bari in fara da ƙarshen tambayarka: a'a, kada ka sayi inji. Injin 65161 mai KV 120 yana cikin waɗanda masu haɗa irin wannan allo a gida suka fi amfani da su, kuma yana ɗaga mutanen da suka fi ka nauyi. In ka ɗora wanda ya fi shi girma a kan wannan batir da wannan fiffike, kuɗinka ne zai tafi, allon kuma yana nan yana turin ruwa kamar jiya.

Ainihin tambayar ita ce: gudu nawa fiffikenka yake buƙata kafin ya ɗauki kilo 122, kuma me ya hana ka kaiwa wannan gudun? Waɗannan lambobi biyu su ne dukan maganar. Aikinka shi ne ka sauko da na farko, ka ɗaga na biyu, har su haɗu.

Lissafin da ake fara yi

Dabarar ba sabuwa ba ce. Enrico Forlanini ya gwada jirgin ruwa mai fiffike a tafkin Maggiore na Italiya tun 1906, a 1919 kuma jirgin HD-4 na Alexander Graham Bell ya yi kilomita 114 a awa a Kanada. Sai a 2018 kamfanin Lift Foils ya fara sayar da allon mutum ɗaya mai batir irin wanda ka haɗa. Dokar da ta ɗaga waɗancan jirage ita ce za ta ɗaga naka: ƙarfin ɗagawa ya dogara da nauyin ruwan, da faɗin fiffike, da siffarsa da kwanar da ya fuskanci ruwa da ita, sannan da gudu sau gudu. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. In ka ninka gudu sau 2, ɗagawa ta ninka sau 4. In gudu ya ragu kaɗan, ɗagawa ta zube da yawa.

Mu sa lambobinka. Kai da allon kilo 122 ne, wato kusan niyutan 1200 a ma'aunin ƙarfi. Ruwan dam kilo 1000 ne a kowace mita kubik. Fiffikenka kashi 1 cikin 10 na murabba'in mita ne. Adadin da ke wakiltar siffa da kwana, a lokacin tashi, nakan ɗauke shi 0.8 ga fiffike mai lafiya. Rabin 1000, sau 0.1, sau 0.8, ya ba da 40. Raba 1200 da 40 ka sami 30, saiwar 30 kuma kusan mita 5.5 ce a daƙiƙa, wato kilomita 20 a awa. Kai kuwa kana kan 13, wato mita 3.6 a daƙiƙa. A wannan gudun fiffikenka yana ɗaga kilo 53 ne kacal. Bai kai rabin nauyinku ba. Ka ga ke nan ba wai allon yana dab da tashi ya kasa ba ne. Yana nesa sosai.

Yanzu canza fiffiken a takarda. Mai murabba'in santimita 1800 zai ɗauke ka a kusan kilomita 15 a awa, mai 2000 kuma a 14. Fiffike mai 1000 na mutum mara nauyi ne da ya ƙware, ko na wanda iska take ja da ƙarfi. Ga mai kilo 88 da yake koyo, shawarata 1800 zuwa 2000, mai ɗan kauri a gaba, domin irinsa ba ya saurin sakin ruwa in kwana ta yi yawa. Wasu za su ce maka a teku an fi tashi da wuri saboda gishiri. Gaskiya ne ruwan teku kilo 1025 ne, amma bambancin kashi 2.5 cikin 100 ba shi ne ya riƙe ka a Tiga ba.

Awo biyu kafin ka kashe ko sisi

Duk allon da aka kawo min da wannan ƙorafi, ba na taɓa noti sai na raba matsalar gida biyu: ta turi da ta fiffike. Ƙarar inji a kan tebur ba ta gaya wa kowa komai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na farko, awon turi. Nemi sikeli mai ƙugiya na kilo 50, irin na masu awon hatsi. Ɗaura igiya mai ƙarfi a bayan allon, ka sa sikelin tsakaninta da turke ko bishiya a bakin ruwa, a wuri mai zurfin da fiffiken ba zai taɓa ƙasa ba. Ka kwanta a kan allon don farfelar ta nutse sosai, wani ya tsaya gefe, ba a saitin igiyar ba, yana duba allurar. Matse rimot a hankali har ƙarshe, daƙiƙa 5 zuwa 10 kawai, don inji yana shan wuta fiye da ƙima in allo ba ya motsi. A abin da na saba gani, mai nauyinka yana son kilo 30 zuwa sama. In allurar ta tsaya ƙasa da 20, ko ta haura sannan ta soma komowa baya tun kana riƙe da rimot, matsalar tana ɓangaren wuta ko farfela.

Na biyu, gwajin ja. Cire farfela, cire batir, ka sa buhun yashi mai nauyinsa a gurbinsa. Yi magana da mai kwale-kwalen inji ya ja ka da igiya mai tsawon mita 15 zuwa 20, yana ƙara gudu sannu a hankali, wayar tana hannun na cikin kwale-kwalen yana duba lamba. Gudun da allon ya rabu da ruwa, shi ne gaskiyar fiffikenka. In ya tashi wajen 19 ko 20, fiffiken lafiyarsa lau, ƙarami ne kawai. In an kai 24 yana manne da ruwa, to kwanarsa ce ba daidai ba, kuma ko injin jirgi ka sa ba zai gyara ta ba.

Batirin nan shi na fi zargi

Ƙwayar batirin laftof an yi ta ne don ta ba da wuta kaɗan na dogon lokaci. Ko tana sabuwa, amfiya 4 zuwa 5 ne aikinta. Layi 6 ke nan amfiya 30 a mafi yawa, a kan bolt 44 kuma bai wuce kilowat 1.3 ba. Wannan zai iya riƙe allo da ya riga ya hau sama, domin a sama turjiyar ruwa kaɗan ce. Amma tashin shi ne wuri mafi cin wuta a dukan tafiyar: allon yana cikin ruwa yana tura tudun ruwa a gabansa, fiffike da ginshiƙin da ya haɗa shi da allon da inji duk suna ja baya, kuma ɗagawar ba ta kai ta sauƙaƙa masa ba. Mai nauyinka yakan buƙaci kilowat 3, wani lokaci 4, na 'yan daƙiƙu, wato amfiya 70 zuwa 90 daga batir.

Ga abin da ke faruwa in ka nemi haka a wurin tsofaffin ƙwayoyi. A ce kowace tana da turjiyar ciki ta miliyom 80, abin da ba baƙo ba ne ga ta gwanjo. Jeri 12, layi 6, ya ba da om 0.16. Ka ja amfiya 60, bolt kusan 10 sun ɓace a cikin batirin kansa, sun zama zafi. Batirin da mita ta nuna 48 a bakin ruwa ya koma 38 a ƙarƙashin kaya. Kwantirolar VESC, wadda Benjamin Vedder na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro tsarinta, tana da iyakar da take fara rage ƙarfi in bolt ya sauka, galibi wajen 3.4 a kowace ƙwaya, wato kusan 41 a naka. Da ka faɗa ƙasa da nan sai ta janye wuta don ta kare batirin. Raguwar ƙarfin da kake ji bayan minti ɗaya ta yi kama da wannan sosai. Kuma ina roƙonka kada ka gyara ta da sauke wannan iyakar. Ƙwayoyin da ba a san tarihinsu ba, suna zafi a rufaffen akwati a ƙarƙashin ƙirjinka, a tsakiyar ruwa, abu ne da ke iya kamawa da wuta.

Ƙwayoyin da suka dace su ne masu sakin wuta da yawa. Samsung 30Q tana ba da amfiya 15, tana ɗaukar 3000mAh. Tsarin 12S8P ƙwaya 96 ne, amfiya 120, kusan kilowat-awa 1. Molicel P42A tana ba da har amfiya 45, tana ɗaukar 4200mAh, don haka 12S6P ya wadatar. Jabunsu sun cika kasuwa, saboda haka a auna nauyi da turjiyar kowace ƙwaya kafin a yi walda. Duba kuma allon kariyar batirin, wato BMS: da yawa daga waɗanda ake sayarwa na keken lantarki ne, amfiya 40 ko 60 suke bari ya wuce. Manyan wayoyin wuta su zama lamba 8 AWG, mahaɗar kuma XT90 mai hana tartsatsi ko wadda ta fi ta. Bayan gwaji ka taɓa kowace mahaɗa da hannu. Wadda ta yi zafi tana cin wutarka.

Sai saitin kwantirolar. Akwai iyaka biyu da mutane suke rikitawa: amfiyar batir da amfiyar inji. Ta inji ita ce ke ba da ƙarfin murɗawa. Inji mai KV 120 yana ba da niyutan-mita 0.07 zuwa 0.08 a kowace amfiya. In an bar iyakar a 60, ƙarfin bai wuce kilowat 1.5 ba a zagaye 3000 a minti, komai kyan batirin. Irin wannan inji yana son amfiya 120 ko fiye a lokacin tashi, in har kwantirolar za ta iya ɗauka. Zafi ma yana nan: a saitinta na asali VESC tana fara rage ƙarfi a digiri 85, ta yanke a 100. Akwati rufaffe a ranar Afrilu ta Kano ya riga ya yi zafi kafin a kunna komai. A manna kwantirolar a farantin alminiyam da ke taɓa ruwa, ko a ja mata siririn tiyo daga ginshiƙi ruwa ya riƙa ratsa ta.

Haɗa wayarka da manhajar VESC Tool ka naɗi bayanan tafiya guda. Lambobi huɗu nake so: bolt, amfiyar inji, zafi, da kason buɗewar wuta, wanda iyakarsa 95 cikin 100. In amfiya ta daki iyaka alhali buɗewar tana 50 ko 60, farfela ta yi wa injin nauyi ko iyakar ta yi ƙasa. In buɗewar ta kai 95 amma amfiya kaɗan ce kuma allon ba ya gudu, farfelar tana juyawa a banza. In duka biyun suna ƙasa, bolt ne ya faɗi, ko zafi, ko rimot ne ba a saita shi ya kai ƙarshe ba. Rimot mai 2.4GHz kuma ba ya ratsa ruwa, don haka eriyar mai karɓa ta zauna can gaba, inda ba ya nutsewa.

Farfela

Farfela tana da faɗi, tana da taku, wato nisan da za ta ci a zagaye ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Taku mai yawa tamkar ka ɗora wa babur buhu biyu ne ka nemi tashi da giya ta huɗu: injin zai yi gurnani, ya yi zafi, bai kai zagayen da ƙarfinsa yake ba. Ga injinka a kan 12S, abin da na ga yana aiki shi ne faɗin santimita 14 zuwa 16, taku inci 5 zuwa 6. Taku inci 5 a zagaye 4000 ya ba da kilomita 30 a awa a takarda, ka cire kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na zamewa, ka ga ya ishe ka tashi. Faɗi kuwa a yi masa a hankali: ƙarin kashi 10 cikin 100 yana ƙara wa inji nauyi da kusan kashi 60.

Farfelar roba ta 3D, musamman ta PLA, tana lanƙwasawa a ƙarƙashin turin kilo 25, siffarta ta lalace daidai lokacin da ake buƙatarta, layukan bugun kuma suna sa ta kaushi. Samo ta alminiyam ko ta roba mai zare. Duba kuma fuskarta. Farfelar da aka sa a juye tana tura allo gaba duk da haka, shi ya sa ba a ganewa, amma turinta ya ragu ƙwarai. Gefen da ya yi rami kamar cokali shi ke kallon baya. In kana jin injin yana ihu farat ɗaya kamar an sake shi, iska yake zuƙa daga sama, ko fil ɗin da ya riƙe farfela a sandar inji ya karye. Leda ko ciyawa guda a jikin fiffike ko farfela ta isa ta hana tashi. Ka riƙa kifa allon kana dubawa.

Kwanar fiffike da mazaunin ginshiƙi

An taɓa kawo min wani allo da aka canza wa inji da batir, bai tashi ba. Da muka kifa shi a kan tayoyi biyu, na ɗora ma'aunin kwana na waya a tsakiyar cikinsa na mayar da shi sifili, sannan na ɗora a kan sandar kwance da ke riƙe fiffikai, sai ga kusan digiri 3, hancin fiffike yana kallon ƙasan ruwa. Dalili shi ne allon na hawa igiyar teku ne, bayansa ya lanƙwasa sama, a kan lanƙwasar kuma aka ɗaure farantin ginshiƙin. Duk gudun da aka ƙara, fiffiken ƙasa yake jan allon. Weji muka yanka daga farantin roba mai tauri, kaurin yana ta baya. Ramukan notin farantin da aka saba da shi santimita 9 ne a faɗi, 16.5 a tsawo, don haka kowane digiri ɗaya kusan milimita 3 ne na bambanci tsakanin gaba da baya. Ranar allon ya tashi.

Yi wannan awo a naka. Sandar kwance ta yi daidai da cikin allon, ko hancinta ya ɗan kalli sama da digiri 1. Ƙaramin fiffiken baya aikinsa danna jela ƙasa, don haka gefensa mai tudu yana kallon ƙasan ruwa, akasin na gaba, kuma kwanarsa takan yi ƙasa da ta na gaba da digiri 2 zuwa 3. In an juya shi, hanci ba zai taɓa ɗagowa yadda ya kamata ba. Ginshiƙi in ya yi baya da yawa tashi ya yi wuya, in ya yi gaba da yawa allon ya riƙa zabura. A matsar da shi santimita 2 a kowane gwaji, abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Zaman jikinka

Ka ce hanci yana sama, baya ya nutse. Injin yana can ƙasa a jikin ginshiƙi, turinsa da kansa yana ɗaga hanci, mai koyo kuma yakan ƙara komawa baya yana zaton hakan zai taimaka wa tashi. Allon da ya miƙe haka ya zama birki, fiffiken kuma in kwanarsa ta haura digiri 15 ko kusa da haka sai ruwa ya rabu da bayansa, ɗagawar ta mutu. Ka kwanta ka matsa gaba har hancin ya kusa taɓa ruwa, ka ƙara wuta sannu a hankali, ka bar allon ya kwanta ya yi santsi a saman ruwa tukuna. Za ka ji ƙarar ruwan ta canza, gudun ya ƙaru ba tare da ka ƙara matsa rimot ba. A nan ne za ka durƙusa, ka ɗan mayar da nauyi baya kaɗan. Wannan kaɗai yakan ƙara kilomita 3 ko 4 a awa. In kuma allon yana nutsewa tun kana zaune a kansa ba motsi, cikinsa ya yi maka kaɗan. Mai koyo yana son girman cikin allon a lita ya kai jimillar nauyinsa da na kayan a kilo, gefen jelar kuma ya zama mai kaifi don ruwa ya sake shi.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, allon ba ya gabana, kuma adadin 0.8 da turin kilo 30 ma'aunin farawa ne, kowane fiffike da halinsa. Amma jerin da zan bi a matsayinka shi ne: awon kwana da gyaran zama, don ba sa cin kuɗi, sannan sikeli da gwajin ja, sannan batir, wanda ko allon ya tashi ba zan bar ka ka ci gaba da hawa a kansa ba, sai babban fiffike da farfela mai tauri. Ka sa rigar ceto da hular kwano duk lokacin da za ka shiga, ka tabbata injin yana mutuwa da zarar ka saki rimot, ka tambayi masunta inda suka shimfiɗa raga da inda kututture yake, kuma kwale-kwale ya kasance kusa. In ka yi gwajin, turo min lambar sikelin, da gudun da ya tashi a ja, da bolt da amfiya da zafi na daƙiƙa 10 na farko, mu ga wanne za a fara saya.